Idan asibiti ya aiko maka da wasiƙa cewa wataƙila an shafa maka cuta: yadda ake bi a Amurka har a kai ga diyya

Kawuna direban tasi ne a Niyok, ya fi shekara ashirin yana wannan aikin, kuma mutum ne da baya wasa da takarda, ko rasit ɗin shan mai sai ya ninke ya adana. Wata rana na shiga motarsa na sauke abin kare ranar nan na gaban gilas sai ga wata ambulan ta faɗo min a cinya, an buɗe ta an ninke an sake buɗewa har takardar ta yi laushi, ga tambarin asibiti a jiki. Nace Kawu wannan fa? Yace mayar min da ita ɗan nan, ba komai bane. Ashe daga asibitin da aka zura masa kamara ta maƙogwaro aka duba cikinsa take, suna cewa sun gano ba'a bi ƙa'idar tsaftace kayan aiki ba daga wata kaza zuwa wata kaza, shi kuma yana cikin waɗanda aka yi wa aiki a tsakanin, don haka yazo a gwada jininsa kyauta, ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV. Sati bakwai takardar nan tana cikin mota. Bai gaya wa matarsa ba, bai je gwajin ba, yace tunda ya ga haruffa ukun nan abinci ya daina yi masa daɗi, "in naje aka ce akwai, da wane ido zan kalli iyali, waye zai yarda a asibiti na samo?"

Tun daga ranar muka fara bin maganar tare har aka kai ga sulhu a kotu, kuma abin da na gani a hanya shi nake so in shimfiɗa wa 'yan uwa mazauna Amurka, saboda wallahi kunya da tsoro suna sa mutanenmu asarar lafiya da asarar haƙƙi a lokaci guda.

Da farko ku sani irin wannan wasiƙar ba baƙon abu bane a ƙasar. A 2008 hukumar lafiya ta kudancin jihar Nebada ta aika wa mutum kusan 40,000 takarda a Las Begas, bayan an gano wani asibitin duba hanji yana maimaita sirinji da kwalaben maganin sa barci mai suna propofol tsakanin majinyata, mai asibitin Dakta Dipak Desai a 2013 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A 2012 kuma a asibitin Exeter na jihar Niyu Hamsha aka kama wani ma'aikaci David Kwiatkowski, yana sace sirinjin maganin kashe ciwo mai suna fentanyl yayi wa kansa allura sannan ya cika shi da ruwan gishiri ya mayar, alhali yana ɗauke da ciwon hanta C, ya shafa wa mutum sama da 40 a jihohi daban daban, aka bashi shekara 39. A 2016 a Kolorado mutum wajen 2,900 aka kira gwaji saboda irin wannan satar allura. Kusan ko yaushe ɗayan ukun nan ne sila: an maimaita allura ko kwalbar magani, ko ma'aikaci mai shaye shaye yana sata, ko ba'a wanke kayan tiyata da kamarorin ciki yadda ya kamata ba.

Mataki na ɗaya, kuma duk sauran suna bayansa ne, kaje ayi maka gwajin. Kafin lauya, kafin maganar kuɗi, kafin komai. Mafi yawan waɗanda ake kira suna fitowa lafiya ƙalau, don asibiti yakan kira duk wanda ya ratsa ta wurin a lokacin ne ko da hatsarin kaɗan ne, amma wanda abin ya taɓa shi ne ke cutuwa da jinkiri. Ciwon hanta C yanzu ana warkewa, ƙwayoyi ne na sati 8 zuwa 12 kuma sama da kashi 95 cikin ɗari suna rabuwa da shi gaba ɗaya, matsalarsa shi ne baya nuna kansa, sai ya shekara goma ko ashirin yana cin hanta mutum bai sani ba. HIV da magani mutum zai rayu yayi tsufa, kuma in an danne ƙwayar a jini baya shafa wa matarsa. Akwai maganin kariya da ake sha cikin awa 72 bayan haɗuwa da HIV, amma gaskiya wannan wasiƙar takan zo ne bayan watanni, wannan ƙofar ta riga ta rufe, gwajin ne ya rage.

Ka tambayi likita ko gwaji ɗaya ya isa, saboda kowace cuta tana da lokacin da take ɓuya. Gwajin HIV na lab yakan kama ne daga kwana 18 zuwa 45, na ciwon hanta C irin wanda ke neman garkuwar jiki yakan ɗauki sati 8 zuwa 11, wanda ke neman ƙwayar kanta ya fi sauri. In aikin da aka yi maka bai daɗe ba za'a ce ka dawo, toh ka dawo ɗin. Ba dole bane a asibitin da suka yi laifin za'a gwada ka, in zuciyarka bata kwanta da su ba je wurin likitanka, ka riƙe rasit. In turanci yana baka wahala ka nemi tafinta, asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne su samar maka kyauta, kar ka ɗauki ɗanka ɗan sakandare ya fassara maka irin wannan maganar. Masu tsoron takardun zama kuma, tun Janairun 2010 aka cire HIV daga jerin cututtukan da ke hana mutum biza ko girin kad.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu 'yan Afirka ta yamma musamman, kuma banji kowa yana faɗa ba. Ciwon hanta B yana da yawa a ƙasashenmu, mutane da dama tun suna jarirai suka samu basu sani ba. Idan aka gwada ka aka ga B, abu na farko da lauyoyin asibiti zasu ce shi ne daga gida kazo da abinka, wani lokacin ma gaskiyarsu ne. Shi yasa duk wani tsohon sakamakon jini da kake da shi yake da daraja, na awon ciki da aka yi wa mata, na bada jini, na ɗaukar aiki, duk wanda ya nuna kafin ranar aikin baka da cutar. Sannan a Las Begas da Exeter abin da ya tabbatar da laifi shi ne gwajin da ya kwatanta ƙwayar cutar da ke jikin majinyata da ta wanda ake zargin daga jikinsa ta fito aka ga iri ɗaya ce. Don haka in aka samu cutar a jikinka, kafin ka fara shan magani ka tambayi likita da hukumar lafiya ta jiha ko za'a ajiye samfurin jininka, in magani ya kashe ƙwayar babu abin da za'a kwatanta kuma.

Mataki na biyu gajere ne, ka tara takardu a fayil guda. Wasiƙar da ambulan ɗinta saboda tambarin kwanan wata, sakamakon gwaji, rasit na mota da na magani, ranakun da ka rasa aiki. Ka rubuta wa asibitin kana son kwafin fayil ɗinka, dokar HIPAA ta basu kwana 30 su baka. In rashin barci ko fargaba ya dame ka ka gaya wa likita ya rubuta, mu mun saba haɗiye damuwa muce Alhamdulillah, amma kotu bata ganin abin da ba'a rubuta ba. Kuma in asibiti suka miƙo maka wata takarda banda ta yarda da ɗibar jini suka ce sa hannu, kace zaka tafi da ita gida ka karanta.

Mataki na uku shi ne ka gane mecece ƙarar taron dangi, wadda suke kira kilas akshan. Mutum ɗaya da aka tsorata shi na wata shida amma bai kamu ba, babu lauyan da zai ɗauki shari'arsa shi kaɗai, kuɗin kiran ƙwararru su bada shaida ya ninka abin da za'a samu. Amma in mutum dubu uku ne abu ɗaya ya same su a wuri ɗaya, sai mutum biyu ko uku su tsaya a madadin kowa, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. A kotunan tarayya doka ta 23 ta tsarin shari'a ce ke tafiyar da abin, jihohi ma suna da makamanciyarta, kuma sai alƙali ya gamsu cewa mutanen suna da yawa, matsalarsu iri ɗaya ce, waɗanda suka tsaya a gaba halinsu irin na sauran ne, kuma su da lauyoyinsu zasu kare kowa tsakani da Allah. Abin da yawancinmu bamu sani ba shi ne ba sai ka shiga ba, in bayanin da aka yi na waɗanda abin ya shafa ya hau kanka, kana ciki kai tsaye ko baka taɓa jin labarin ba, sai dai in ka rubuta kace ka fita. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Kada kuma ka ɗauka kowace ƙara ake ci. Shin tsoro kawai ba tare da cuta ba ana biyan diyyarsa? Ya danganta da jiha. A 1997 kotun ƙolin Amurka ta hana wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya shaƙi ƙurar asbestos diyyar tsoro saboda bai nuna alamar ciwo ba, amma a 2014 kotun ƙolin Nebada, a kan wannan maganar ta Las Begas, ta yarda waɗanda basu kamu ba su nemi a biya musu kuɗin ci gaba da duba lafiyarsu. A Kanada ma kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo a 2011 ta ƙi bada diyyar fargaba ga mutanen da aka ce sun yi cuɗanya da masu tarin fuka a asibiti amma basu kamu ba. Wannan rashin tabbas ɗin shi ke sa ɓangarorin biyu su zauna su sasanta, asibiti yana tsoron juri (mutanen gari da ake zaɓa su yanke hukunci a kotu) da zubewar suna, lauyoyi suna tsoron a kori ƙarar su tashi a tutar babu. Ka shirya jira, shekara biyu uku har fiye ba abin mamaki bane.

Mataki na huɗu, in an yi sulhu, wata rana takarda ta biyu zata zo, ko kati ko imel, daga wani kamfani da baka taɓa jin sunansa ba. Kamfanin da kotu ta ɗora wa rabon kuɗi ne. Kawu ya kusa jefa tasa a bola don yayi zaton 'yan damfara ne, kuma ban ga laifinsa ba. Yadda zaka tantance: takardar gaskiya tana da sunan kotu da lambar shari'a da sunan lauyoyin da ke wakiltar mutane, zaka iya kiran ofishin magatakardan kotun da lambar da ka nemo da kanka ka tambaya. Kuma babu sulhun gaskiya da za'a ce ka biya kuɗi kafin a baka, duk wanda yace turo wani abu a buɗe maka fayil, ɓarawo ne.

In ka tabbatar, ka ɗauki biro ka zagaye ranaku huɗu: ranar ƙarshe ta cike fom, ta fita daga ƙarar, ta ƙorafi, da ranar da alƙali zai zauna ya amince ko ya ƙi. Ka nemo doguwar sanarwar a shafin intanet na sulhun, katin da aka aiko taƙaitawa ce kawai. A cikin doguwar ka nemi abu biyu, su waye ke ciki (wani sulhun na waɗanda basu kamu bane kaɗai, wani ya haɗa kowa amma an kasa su mataki mataki), da kuma sashen yafe haƙƙi, wato abubuwan da ka yarda bazaka sake kai ƙara a kansu ba har abada.

Mataki na biyar shi ne zuciyar maganar, kuma anan nake so ku tsaya ku nutsu. Hanya huɗu ce a gabanka. Ka zauna ciki ka cike fom ka karɓi rabonka. Ka zauna ciki amma ka rubuta wa alƙali ƙorafi cewa kuɗin yayi kaɗan ko kason lauyoyi yayi yawa. Ka fita gaba ɗaya, bazaka samu ko sisi daga sulhun ba amma haƙƙinka na kai ƙara da kanka yana nan. Ko kayi shiru. Shirun nan shi ne mafi muni, don a sulhu da yawa wanda yayi shiru bai samu kuɗi ba kuma yafe haƙƙin ya hau kansa, yayi biyu babu.

Ra'ayina a fili: idan an gwada ka, an sake gwadawa bayan lokacin ɓuya ya wuce, an ce babu komai, zauna ciki ka karɓi abin da ya samu, kai kaɗai bazaka samo fiye da haka ba. Amma idan an samu cuta a jikinka, ko har yanzu baka kammala gwaji ba, kar ka sa hannu a komai kuma kar ka bari ranar fita ta wuce sai ka zauna da lauyan da yake naka kai kaɗai, ba lauyan taron ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski, in ka karɓi cek na dala dubu ɗaya da ɗoriya bayan ka yafe komai, shekara biyu bayan haka aka ce hantarka ta taɓu, babu inda zaka je. Bambancin kuwa ba ƙarami bane. A Las Begas wani mutum da ya kamu ya kai ƙara shi da matarsa, a 2010 juri suka yanke dala miliyan 500 na ladabtarwa a kan kamfanonin Teva da Baxter masu yi da rarraba maganin propofol ɗin, kamfanonin suka ɗaukaka ƙara daga baya aka sasanta a waje. Ba cewa nake kowa zai ga irin wannan ba, yawanci ko kusa ba'a zuwa, amma ya nuna maka shari'ar wanda ya kamu daban take da ta wanda aka tsorata.

Lauyoyin irin wannan aikin zaman farko kyauta ne kuma basa karɓar kuɗi a gaba, kaso suke ɗauka in an ci, yawanci ɗaya bisa uku zuwa kashi 40, wasu jihohin sun sa iyaka. Ka tambaya kafin ka sa hannu: kason kafin a cire kuɗin ɗawainiya ne ko bayan an cire, in an faɗi wa zai biya ɗawainiyar, kuma ya taɓa yin shari'ar sakacin asibiti ko hatsarin mota kawai ya sani. Sannan agogo yana tafiya. A Niyok shekara biyu da rabi ne wa'adin ƙarar sakacin likita, a Tekzas shekara biyu, a Kalifoniya shekara ɗaya daga ranar da ka gano ko uku daga ranar da abin ya faru, duk wanda ya riga cika. In asibitin gwamnatin birnin Niyok ne ma cikin kwana 90 ake so ka shigar da sanarwar niyyar ƙara. Irin sati bakwai ɗin da Kawu ya ɓata, a wani wurin ya cinye fiye da rabin wa'adi.

Fita tana da ƙa'ida, yawanci wasiƙa ce da sunanka da adireshi da sunan shari'ar da sa hannunka, kace kana so a cire ka, ta isa ko a buga mata tambarin gidan waya kafin ranar. Ka aika ta hanyar da za'a baka shaidar an karɓa. Ba zaka iya fita kuma kayi ƙorafi ba, wanda ya fita ba ruwansa da sulhun.

Wasu dattawanmu zasu ce ƙaddara ce, a bar wa Allah, me za'a yi da kuɗin ciwo. Kawu ma haka ya fara cewa. Nace Kawu ƙaddara gaskiya ce, amma diyya ai ba baƙuwa bace a wurinmu, ko raƙumin wani ne ya shiga gonarka ana biya, balle sakaci da jinin mutum, kuma in kowa yayi shiru asibitin bazai ji a aljihunsa ba balle ya gyara. Mu 'yan Kano ma mun san wannan hanyar, gwajin maganin Trovan da Pfizer tayi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996, sai 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jiha, sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an sa su gwajin DNA don tabbatar da dangantaka. Shekara goma sha biyar, kuma wanda bashi da hujja a hannu ya sha wahala. Darasin takardu ɗaya ne ko a Kano ko a unguwar Buronks ta Niyok.

Mataki na shida, cike fom. Wani sulhun ba'a buƙatar fom saboda asibiti yana da sunayen, cek zai zo da kansa, wani kuma dole sai ka cike, doguwar sanarwar zata faɗa. Akwai lamba ta musamman a jikin katin da aka aiko maka, da ita ake shiga. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fayil ɗin asibiti, wannan yana bamu matsala sosai, Muhammad a fasfo, Mohammed a katin inshora, Mamman a bakin mutane, in sun bambanta ka haɗa da bayani da kwafin katin shaida. Ka faɗi gaskiya tsantsa don rantsuwa kake a ƙasan fom ɗin. In ka gama ta intanet ka ɗauki hoton shafin da ya nuna an karɓa. In majinyacin yaro ne iyaye ke cikewa kuma sau da yawa sai kotu ta amince da rabon yaro, in ya rasu mai kula da gadonsa a hukumance ne zai cike. In ka koma gida Najeriya ko Nijar ko Gana haƙƙinka bai faɗi ba, amma ka rubuta wa kamfanin rabon ka tambayi yadda zasu biya ka tun da wuri, cek ɗin Amurka yana da wahalar canzawa a bankunanmu.

Mataki na bakwai, lissafi, don kar ka ji miliyoyi a labarai ka fara cin bashi. Mu ƙaddara an sasanta a kan dala miliyan 6 kuma mutum 3,000 ne, misali nake bayarwa kawai. Lauyoyi sukan nemi kashi 25 zuwa ɗaya bisa uku, ace miliyan 2 ta tafi. Kuɗin ƙwararru da na aika wasiƙu da na kamfanin rabo ace 300,000. Saura miliyan 3 da 700,000, in aka raba daidai kowa zai tashi da 1,200 da 'yan kai. In wasu basu cike fom ba rabon sauran yakan ƙaru, a wani sulhun kuma ragowar komawa take wurin asibiti ko a baiwa wata ƙungiyar agaji, wannan ma yana rubuce kuma yana daga abin da zaka iya ƙorafi a kai. Alƙali ne zai duba ko sulhun yayi adalci kuma ya wadatar, shi ne kuma ke yanke kason lauyoyi, ba su ke yanka wa kansu ba. A kotun tarayya dokar 2005 ta ce sai an sanar da hukumomin gwamnati an jira kwana 90 kafin amincewar ƙarshe. Zaman a buɗe yake, kana iya zuwa ka zauna ka saurara ko baka ce komai ba. Bayan amincewa in mutum ɗaya ya ɗaukaka ƙara kuɗin kowa ya tsaya, wani lokacin shekara guda ko fiye.

Kafin kuɗin ya shigo hannunka akwai masu jira a bakin ƙofa. In inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare ko Medicaid, ko kamfanin inshora suka biya maka magani a kan wannan matsalar, suna da ikon a mayar musu daga diyyar, wannan ya fi shafar waɗanda suka kamu. In kana karɓar tallafin SSI, wanda gwamnati ke ba tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, ka sani iyakar abin da mutum ɗaya zai mallaka dala 2,000 ce, cek ɗaya zai iya tsallakar da kai a dakatar da tallafin, don haka ka nemi shawara kafin ka saka shi a banki ba bayan ka saka ba. Haraji kuma, diyyar rauni ko ciwo na jiki gwamnatin tarayya bata cire mata haraji, amma diyyar damuwa zalla wadda bata taso daga ciwon jiki ba ana iya cirewa, ka kai wa mai cike maka takardun haraji kwafin sanarwar ya duba.

Na Kawu gwajin farko ya fito babu komai, na biyu ma haka, ranar da aka kira shi da sakamakon ƙarshe a gefen titi ya faka motar ya kifa kansa a sitiyari ya daɗe bai ɗago ba, sai a daren ya gaya wa matarsa, ita kuma faɗan da tayi masa na ɓoyewar ne ba na komai ba. Ya zauna cikin ƙarar, muka cike fom a teburin kicin. Abin da ya kusa sa shi asara a ƙarshe ƙaramin abu ne, sun tashi daga gidan da suke zuwa wata unguwa bamu sanar da kamfanin rabon ba, cek ya tafi tsohon adireshi ya koma. Sai da na duba shafin sulhun na ga an fara biya na kira su, suka ce a aiko da sabon adireshi a rubuce tare da lambar katin, suka sake bugo wani. Cek ɗin nan yana da ranar mutuwa a jikinsa, galibi wata uku zuwa shida, in ta wuce baka kai banki ba sai ka sake roƙo, in kuma an rufe asusun rabon shikenan. Duk lokacin da ka canza gida ko lambar waya ko imel tsakanin wasiƙar farko da ranar biya, ka rubuta wa kamfanin rabon da lauyoyin taron a satin, ka ajiye kwafi a fayil ɗin nan naka.